Katanga, Shimfiɗar Duwatsu ko Rayayyar Gaɓa: Wanne Ya Dace da Mai Gida a Bakin Ruwan Chesapeake?

Wani ƙanena da ya daɗe yana aiki a yankin Washington ya tara abin da ya tara, ya sayi gida a gundumar Anne Arundel ta jihar Maryland, bayan gidan yana kallon wani rafi da ke malala cikin mashigin tekun Chesapeake. Shekara biyu da tarewa sai ya lura itacen da ke bakin ruwa, wanda a da yara ke zagaya shi da gudu, yanzu saiwoyinsa suna reto a fili. Ya kira 'yan kwangila biyu. Na farko ya ce a kafa katanga kowa ya huta. Na biyu ya ce hukuma ba za ta yarda da katanga ba, sai dai a zuba yashi a dasa ciyawa. Da ya bugo mini waya cewa ya yi: "Yaya, ciyawa fa? Duk kuɗin da na zuba a gidan nan, a ce in tare teku da ciyawa?"

Duk wanda ya mallaki fili a bakin wannan ruwa, a Maryland ko a Virginia, wata rana zai yi irin wannan tambaya. Chesapeake shi ne mashigin teku mafi girma a Amurka, tsawonsa kimanin mil 200, in kuma aka haɗa da koguna da rafukan da ke shiga cikinsa, gaɓarsa ta haura mil 11,000. Ruwan ya ƙaru da wajen ƙafa ɗaya a ƙarnin da ya wuce, don teku na tasowa, ƙasar yankin kuma tana nutsewa a hankali. Tsibirin Holland da ke cikin mashigin, wanda a wajajen 1910 mazaunansa sun haura 300, ruwa ya cinye shi, gida na ƙarshe da ya rage a tsaye ya rufta a watan Oktoba na 2010.

Abin da na ce masa shi ne kada ya fara da tambayar nawa ne. Irin ruwan da ke gaban gidansa da dokar jiha sun riga sun rage masa zaɓi tun kafin aljihu ya sa baki.

## Abin da doka ta tanada

Ruwan Chesapeake yana cikowa ya janye sau biyu a rana. A Maryland filinka ya tsaya ne a layin da ruwa ya saba kaiwa idan ya ciko. Daga nan zuwa cikin ruwa, galibi mallakar jiha ne, kuma tun dokar 1970 kan fadamun bakin teku, duk dutse ko yashi ko katako da za ka ajiye a wurin sai da lasisi. Takarda ɗaya ake cikewa a miƙa wa Ma'aikatar Muhalli ta jihar, wadda ake taƙaita sunanta da MDE, ita kuma ta yi aiki tare da sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka da ke Baltimore, domin gwamnatin tarayya ma tana da ta cewa kan ruwayen da jirage ke bi. Manyan ayyuka kuwa har gaban hukumar ayyuka ta jiha suke zuwa, wadda gwamna da kansa yake zama a cikinta.

A 2008 majalisar jihar ta yi dokar da ta juya lissafin gaba ɗaya, ƙa'idojin aiki da ita kuma suka fara aiki a 2013. Dokar ta ce wanda zai kare gaɓarsa daga zaizaya, asalin abin da aka yarda ya yi shi ne abin da takardun hukuma ke kira living shoreline, wato rayayyar gaɓa: yashi, ciyawar fadama, da ɗan dutse in an buƙata. Mai son katanga ko shimfiɗar duwatsu sai ya nemi takardar uzuri. Ana ba da ita idan wurin yana cikin taswirar da MDE ta ware cewa ginin dutse ya dace da shi, ko kuma mai fili ya nuna ciyawa ba za ta rayu ba, misali saboda tsananin zaizaya, ko ƙarfin ruwa, ko rafin ya yi ƙunci da yawa. Nauyin kawo hujja yana wuyan mai gida.

Sai wata dokar kuma, wadda ta fi kama sababbin masu gida ba su ankara ba. Tun 1984 Maryland ta ayyana duk ƙasar da ke cikin ƙafa 1,000 daga bakin ruwa a matsayin yanki na musamman, ƙafa 100 na farko kuma zirin kariya ne. A cikin wannan ziri ba ka sare itace ko ka baje ƙasa sai da tsarin da gundumarka ta amince da shi, kuma tarar saɓawa tana iya kaiwa dala 10,000 kan laifi ɗaya, ban da tilasta maka sake dasa abin da ka cire. Wanda ya saba da cewa itacen gidansa nasa ne ya kiyaye wannan. Haka nan ɗan kwangilar da zai yi maka aiki a cikin ruwa dole ya kasance yana da lasisin hukumar da jihar ta kafa domin masu irin wannan sana'a. Ka nemi ganin lambarsa kafin ka ba da ko sisi.

In gidanka a Virginia yake, akwai bambanci kaɗan. Can filinka yana kaiwa har layin da ruwa ke tsayawa idan ya janye, kuma a gundumomi da yawa kwamitin fadama na mutanen gari ne ke sauraron buƙatarka a zaman jama'a. Jihar ta ce tun 2011 rayayyar gaɓa ce ta fi so, a 2020 kuma ta mai da ita wajibi, sai inda binciken kimiyya ya nuna ba za ta yi ba. Ita ma tana da zirin ƙafa 100 a ƙarƙashin dokarta ta 1988.

## Ma'aunan da za a gwada kowane zaɓi

Na farko, kuma uban sauran, shi ne ƙarfin ruwa. Tsaya a bakin gaɓarka ka duba: daga inda kake zuwa ɗaya gaɓar, mil nawa ne na buɗaɗɗen ruwa? Wannan tazarar ita ce filin gudun iska, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon girman igiyar da za ta daki ƙasarka. Masana na cibiyar nazarin teku ta Virginia sun saba raba ta uku: ƙasa da mil ɗaya ruwa ne mai sanyin hali, mil ɗaya zuwa biyar matsakaici, sama da mil biyar kuwa mai faɗa. Ka auna ta a taswira ta kowace kusurwa, musamman inda iskar hunturu ke fitowa. Ka ƙara da zurfin ruwa kusa da gaɓa, tsayin gangaren, yawan kwale-kwale masu inji da ke wucewa, da kuma rana. Ciyawar fadama tana son aƙalla sa'a shida na hasken rana kai tsaye, gaɓar da ke ƙarƙashin inuwar manyan itatuwa ba ta yi mata.

Sauran ma'aunan su ne sauƙin samun izini, kuɗi, ƙarko, ɗawainiyar kulawa, da haɗarin da aikin zai jawo wa maƙwabci da halittun ruwa. A wajen ƙarko ina ƙara tambaya ɗaya da 'yan kwangila ba su cika son ta ba: idan abin zai mutu, yaya yake mutuwa? Akwai wanda ke lalacewa kaɗan-kaɗan ya ba ka damar gyara, akwai wanda dare ɗaya yake tafiya da rabin filinka.

Game da kuɗi, da ƙafa ake lissafi, wato tsawon gaɓar da za a gyara. Hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, NOAA, ta ce kafa rayayyar gaɓa yana kamawa daga ƙasa da dala 1,000 zuwa dala 5,000 kowace ƙafa, kulawa kuma har zuwa dala 100 kowace ƙafa a shekara. Tazarar tana da faɗi saboda abu biyu ne ke cin kuɗin: yawan dutse, da yadda za a kai shi wurin. In tifa da katafila za su iya shiga ta gefen gidanka, da sauƙi. In kuwa sai an ɗauko komai a jirgin dako ta cikin ruwa, farashin ya tashi. A ce gaɓarka ƙafa 100 ce, tsawon fuloti ɗaya irin namu na gida: duk ƙarin dala 100 a kan ƙafa, ƙarin dala 10,000 ke nan a kan jimla.

## A bar gaɓar yadda take

Ba a cika lissafa shi cikin zaɓi ba, alhali da muguwar rawa gara ƙin tashi. In gidanka yana nesa da ruwa kuma abin da ke tafiya ɗan inci ne a shekara, kafa turaku a bakin gangaren, ka riƙa aunawa da ɗaukar hoto shekara ɗaya ko biyu. Sau da yawa ma ruwan saman da ke gangarowa daga rufin gida ne ke cin gaɓar ta baya, tekun bai da laifi. Juya indararo, daina aske ciyawa har bakin ruwa, dasa ƙananan itatuwa. Kuɗinsa kaɗan ne, haɗarinsa kuma shi ne ka yi sakaci har babbar guguwa ta riske ka.

## Ciyawa zalla

A nan ana daidaita gangaren, a zuba yashi mai tsabta in ana buƙata, a dasa ciyawa iri biyu. Spartina alterniflora tana zama ƙasa, inda ruwa ke rufe ta kullum ya buɗe. Spartina patens tana sama da ita, inda ruwa ba ya kaiwa sai ya yi babbar cika. Wani lokaci ana jera dunƙulen zaren kwakwa a gaba, ya riƙe yashin na 'yan shekaru kafin ya ruɓe, lokacin saiwoyi sun kama. Wanda ya san yadda jema ke riƙe bakin fadama a ƙasarmu ba zai yi mamakin dabarar ba. A Maryland ma ba sabuwa ba ce, tun 1972 Edgar Garbisch ya kafa ƙungiyar Environmental Concern a garin St. Michaels yana dasa irin wannan fadama.

Ita ce mafi araha, izininta kuma ya fi saurin fitowa. Amma iyakarta rafi mai sanyin hali, ruwa marar zurfi, ga rana. Ka dasa ta a inda iska ke da filin mil uku, hunturu ɗaya zai kwashe maka kuɗinka.

## Kunyar dutse da fadama a bayanta

Wannan ita ce rayayyar gaɓar da aka fi yi a Chesapeake, kuma a ganina ita ce amsar mafi yawan masu gidajen da ke bakin koguna da manyan rafuka. Ana jera duwatsu a cikin ruwa, ɗan nesa da gaɓa, su yi doguwar kunya kamar ta gona, tsayinta ya ɗan ɗara layin cikar ruwa. Tsakaninta da gaɓa a cike da yashi mai kwantaccen gangare, a dasa ciyawa, galibi daga watan Afrilu zuwa farkon Yuli, tsiro da tsiro tazarar kamar ƙafa ɗaya da rabi. Dutsen yana karya igiyar, ciyawar ta shanye abin da ya rage. NOAA na cewa fadama mai faɗin ƙafa 15 tana iya rage rabin ƙarfin igiyar da ta shigo ta. Ana barin ƙofofi a jikin kunyar domin ruwa ya shiga ya fita, ƙananan kifaye da ƙaguwa su ma su samu hanya.

Wajen izini, doka tana bayanka. Aikin da bai wuce ƙafa 500 a tsawo ba, bai kuma shiga ruwa fiye da ƙafa 35 ba, yana bin gajeriyar hanyar lasisi. Sai dai gajeriya a nan watanni ne, ba a fafe gora ranar tafiya: mai son dasa ciyawa a Mayu ya shigar da takarda tun shekarar da ta gabata. Abin da ya fi kawo cikas shi ne ciyawar da ke tsirowa a ƙarƙashin ruwa. In akwai ta a gabanka, hukuma ba ta son a binne ta da yashi, domin ita ce mafakar 'ya'yan ƙaguwa, kuma hakan na iya sa a matse aikin ko a sauya tsarinsa.

Kuɗinta matsakaici ne zuwa sama, ya danganta da dutse. Amma rayayyar gaɓa tana da tallafi. Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa ta Maryland tana ba da bashi marar ruwa domin irin wannan aiki, abin da ƙanen nawa ya ce shi ne karo na farko da ya ji an ambaci bashi a Amurka bai ji gabansa ya faɗi ba. Gidauniyar Chesapeake Bay Trust tana ba da tallafi, musamman ga unguwanni da ƙungiyoyi, a Virginia kuma akwai shirin da ke biyan wani kaso na kuɗin ta ofisoshin kula da ƙasa da ruwa na gundumomi. Katanga ba ta samun ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ɗawainiyarta a farko take, kuma ba wasa ba ce. Shekara biyu zuwa uku ciyawar ke ɗauka kafin ta yi kauri. Dinyar Kanada tana iya tuge dashen mako guda cikin safiya ɗaya, dole a kewaye wurin da turaku da zare. Bayan kowace guguwa sai ka kwashe tarkacen da ruwa ya jibge, in ba haka ba ya kashe abin da ke ƙarƙashinsa. Ga kuma wata doguwar ciyawa mai mamaya, Phragmites, wadda halinta ɗaya da kacallar da ta toshe fadamun Hadeja da Nguru: ka ƙyale ta shekara biyu, ta kori kowa. Lasisin ma yakan zo da sharaɗin cewa ciyawar kirki ta rufe kashi 85 cikin 100 na wurin har shekara uku a jere, inda ta mutu ka sake dasawa.

Ladan wannan wahala shi ne ƙarko. Bayan guguwar Irene ta 2011, wata mai bincike, Rachel Gittman, da abokan aikinta sun zagaya gaɓar tsakiyar jerin tsibiran Outer Banks a jihar North Carolina. Kashi 76 cikin 100 na katangun da suka duba sun lalace, kunyoyin dutse masu fadama kuwa ba su ga ɓarna a jikinsu ba, ciyawar da ta ragu kuma ta dawo cikin shekara guda. Dalilin a fili yake: ambaliya tana bi ta kan fadama ta wuce, ba ta samun abin da za ta tura. Fadamar kuma tana kama laka, tana iya ɗan tasowa tare da ruwa, muddin tashin ruwan bai fi ƙarfinta ba kuma akwai sarari a bayanta da za ta matsa.

Abu biyu za ka rasa. Ɗaya shi ne wani yanki na filin da kake askewa, domin sau da yawa sai an kwantar da gangaren ya ci cikin tsakar gidanka. Ɗayan shi ne ɗaure jirgi a jikin gaɓa, sai dai ka yi gadar katako ta tsallake fadamar.

## Tuddan dutse a cikin ruwa

Inda ruwa ke da faɗa sosai amma ana son rairayi, ana gina manyan tuddan dutse a ware a ware, nesa da gaɓa, a zuba yashi a bayansu ya yi 'yan lungunan rairayi. Suna aiki, suna daɗewa, kuma kififiyar da Maryland ta ɗauka a matsayin dabbar jiha mai rarrafe tana samun yashin da za ta yi ƙwai. Sai dai aikin injiniya ne, yana son doguwar gaɓa da kuɗi mai yawa, kuma in an yi kuskuren lissafi yakan tare yashin da ke zuwa wa maƙwabci. Na unguwa ne da aka haɗa hannu, ba na mai fuloti ɗaya ba.

## Shimfiɗar duwatsu

Ana kwantar da gangaren, a shimfiɗa wani yadi mai barin ruwa ya wuce ya riƙe ƙasa, a jera manyan duwatsu a kai, a binne gindinsu cikin ƙasa don kada ruwa ya haƙe ta ƙasa. Igiya tana shiga ramukan da ke tsakanin duwatsun ta mutu a can. In an zaɓi dutse mai nauyin da ya dace da ruwan wurin, wannan aiki yana iya wuce shekara hamsin, kulawarsa kuma ba ta wuce mayar da dutsen da ya gangaro. Ko lalacewarsa da sannu take zuwa.

A Maryland sai da takardar uzuri, kuma gajeriyar hanyar lasisi ta tsaya ne ga wanda bai shiga ruwa fiye da ƙafa 10 ba. Wajen halittu, ta fi katanga, domin ƙananan abubuwa suna maƙalewa a jikin dutse, kawa ma takan kama in gishirin ruwan ya isa. Amma tana binne bakin ruwan da fadama ko rairayi za su zauna, kififiya kuma ba ta iya hawa ta. Yara ma sauka ruwa ta kan waɗannan duwatsu sai da kulawa. Abin da zan ja kunne a kai shi ne araha: mai kawo maka fasasshen siminti ko ƙananan duwatsu ba tare da yadin nan ba, ya sayar maka da tarkacen da za ka biya a kwashe.

## Katanga

Ita ce ke burge ido. Miƙaƙƙiya, tsaf, ciyawar tsakar gida har bakinta, jirgi ya tsaya a jikinta. Ana yin ta da katakon da aka jiƙa da magani, ko faifan roba mai tauri, ko ƙarfe, a ɗaure ta da rodi zuwa turakun da aka binne a cikin fili. Ba ta cin wuri, shi ya sa a tashar jirage da matsattsun magudanan da aka haƙa tsakanin gidaje babu abin da ya kai ta.

Matsalarta ita ce ba ta shanye ƙarfin igiya, mayar da shi take yi. Wani ya koma ƙasa ya haƙe gindinta, ruwan gabanta ya ƙara zurfi, ɗan rairayin da ke wurin ya ɓace. Wani ya zame gefe ya ci filin maƙwabcin da bai yi katanga ba, shi ma ya ga dole ya yi tasa, haka ake bi har rafi ya zama kamar kwata. Wani binciken Gittman na 2015 ya ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 na gaɓar Amurka an riga an taurara ta da irin waɗannan gine-gine. Ta baya kuma ruwan sama yana taruwa yana tura ta, rodin yana tsatsa a inda ido ba ya gani, katako yana ruɓewa, a ruwa mai gishiri har da tsutsar da ke huda itace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da zarar ƙasa ta fara zuba ta tsakanin alluna, za ka ga ramuka suna buɗewa a tsakar gida. Idan babbar ambaliya ta haura ta, kamar yadda guguwar Isabel ta yi a watan Satumba na 2003 har ta shiga tsakiyar Annapolis, babban birnin Maryland, ruwan da ke komawa ne yake kayar da ita ta baya. Ta katako shekara ashirin zuwa talatin ake sa mata rai, ta roba takan fi haka, amma kowacce ranar da ta faɗi sabuwa ake yi daga tushe.

Sabuwar katanga a inda babu ita a da, ita ce mafi wuyar samun izini a jihohin biyu. In kuwa ka sayi gida da katanga kuma tana nan da ranta, Maryland takan bari a maye gurbinta, sabuwar kada ta wuce inci 18 a gaban tsohuwar. Kada ka jira ta rushe gaba ɗaya, domin a lokacin ana iya ɗaukar ka kamar mai fara sabon aiki, dokar 2008 ta hau kanka.

| Zaɓi | Ruwan da ya dace | Izini a Maryland | Kuɗin farko | Ƙarko | Ɗawainiya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| A bar ta | Zaizaya kaɗan, gida nesa | Na gunduma, in za a taɓa itace ko ƙasa | Kaɗan | Ba tabbas | Aunawa da sa ido | Guguwa ta yi bazata |
| Ciyawa zalla | Ƙasa da mil 1, ga rana | Mai sauƙi | Mafi araha | Mai kyau in ta kama | Mai yawa a farko | Ruwa ya kwashe dashe |
| Kunyar dutse da fadama | Har wajen mil 5 | Doka ta fi son ta | Matsakaici zuwa sama, akwai tallafi | Mai tsawo | Mai yawa shekara 3, sannan kaɗan | Inuwa, dinya, ciyawa mai mamaya |
| Tuddan dutse | Sama da mil 5 | Mai tsawo | Mafi tsada | Mai tsawo | Ƙarin yashi jefi-jefi | Tare yashin maƙwabci |
| Shimfiɗar duwatsu | Ruwa mai faɗa ko zurfi | Sai da uzuri | Matsakaici zuwa sama | Shekara 50 ko fiye | Kaɗan | Rasa fadama da rairayi |
| Katanga | Matsattsen wuri, tashar jirage | Mafi wuya, sai maye gurbi | Mai tsada | Katako 20 zuwa 30 | Dubawa da gyara | Rushewa lokaci ɗaya |

## Wa ya dace da me

In gidanka yana can cikin ƙaramin rafi, kana hango fuskar maƙwabcin tsallake, rana kuma tana samun gaɓar, ciyawa zalla ta ishe ka, da dunƙulen kwakwa in masu kwale-kwale suna yawan wucewa. Sayen dutse a irin wannan wuri asarar kuɗi ce.

In kana bakin kogi irin South ko Severn, iska na da filin mil ɗaya zuwa biyar, ruwan gabanka kuma bai kai ƙugu ba, yi kunyar dutse da fadama. Nemi jami'an Ma'aikatar Albarkatun Ƙasa su zo su duba wurin kafin ka sa hannu da kowane ɗan kwangila, ka kuma yi magana da maƙwabta: aiki ɗaya a kan fuloti uku ya fi araha a kan kowace ƙafa, ƙarshen kunyar kuma ba ya zama rigima.

Mai gangare mai tsayi da ke kallon buɗaɗɗen Chesapeake, gida kuma dab da baki, babu sararin kwantar da ƙasa, shimfiɗar duwatsu ce tasa. Ya tara hotuna da awo na shekaru, su ne hujjarsa wajen neman uzuri. Haka nan dattijo ko mai yawan tafiya da ba zai iya gadin dinya da tuge ciyawa ba, in wurinsa ya cancanci uzuri, ita ta fi masa kwanciyar hankali. Unguwar da ke da doguwar gaɓa ta tarayya da asusun haɗin gwiwa ta duba tuddan dutse.

Katanga ta mai zama a matsattsen magudani ce, ko mai sana'ar da dole jirgi ya jingina da gaɓa. Wanda kuma ya gaji tsohuwa a bakin rafi mai sanyi, kafin ya biya kuɗin sabuwa ya sa a yi masa lissafin cire ta a mai da wurin fadama, ya haɗa da bashin nan marar ruwa a cikin lissafin.

Ƙanen nawa da muka auna nasa a taswira, mil ɗaya da ɗan kai ne ta arewa maso yamma, ruwan iya gwiwa, inuwa kuma ta itacen nan ɗaya ce. Gunduma ta yarda a rage masa rassa, shi da maƙwabcinsa na hagu suka shigar da takarda ɗaya ta kunyar dutse mai ƙofa biyu.